Karatun jami'a a cikin lise: tarihin tsarin Advanced Placement na Amurka, 1951–2025

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin diddigin tsarin da ake kira Advanced Placement, ko AP a taƙaice, wanda ta hanyarsa ɗaliban lise a Amurka suke karanta darussan shekarar farko ta jami'a, su yi jarrabawa a kansu tun ba su bar lise ba. An nuna yadda tsarin ya faro a shekarun 1950 domin ɗalibai ƴan ƙalilan, da yadda ya bunƙasa har ya kai ga miliyoyi. Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, darajar tsarin ta samo asali daga haɗuwar malaman lise da na jami'a a kan aiki guda, kuma duk lokacin da yawan ɗalibai ya fi ƙarfin wannan haɗuwa, gardama takan tashi a kan abin da ake nufi da "matsayin jami'a".

Gabatarwa

Wanda ya tashi a tsarin ilimin Faransa, wanda Nijar ta gada, ya san ƙofa guda ce tsakanin lise da jami'a, wato bakaloriya. Dokar Napoleyon ta ran 17 ga Maris 1808 ta sanya ta a matsayin digiri na farko na jami'a, shi ya sa al'ada ta tsaya a kan malamin jami'a ya shugabanci juri. Ɗalibi yana fita lise, yana shiga jami'a da takarda guda.

A Amurka babu irin wannan ƙofa. Gwamnatin tarayya ba ta tsara manhajar karatu, ba ta kuma shirya jarrabawar fita. Ilimi yana hannun jihohi da hukumomin gundumomi fiye da 13,000, kuma makaranta ce ke ba ɗalibinta takardar gamawa. Saboda haka tambayar da dokar 1808 ta amsa wa Faransa ta daɗe a buɗe a can: ina lise ta ƙare, ina jami'a ta fara, kuma wa ke da ikon faɗa? Tsarin AP ɗaya ne daga cikin amsoshin da aka bayar. A wannan maƙala za mu yi amfani da kalmar "lise" ga shekaru huɗu na ƙarshe na sakandaren Amurka, aji na 9 zuwa na 12, kalmar "jami'a" kuwa ga duk makarantar da ke ba da digirin shekara huɗu.

1. Giɓin da aka so cikewa

Tsakanin 1910 da 1940 lise ta Amurka ta tashi daga makarantar ƴan tsiraru ta koma ta kowa. A 1910 matasan da ke gama lise ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A 1940 sun kai rabi. Da ɗalibai suka yawaita, aka sassauta manhaja domin ta dace da masu niyyar shiga aiki kai tsaye, waɗanda su ne mafi rinjaye.

Jami'o'i kuwa suna karɓar ɗalibai daga makarantu masu bambancin ƙarfi, don haka suka mai da shekara ɗaya ko biyu na farko lokacin ilimin bai ɗaya: Ingilishi, tarihi, lissafi, kimiyya da harshen waje. Kowane darasi yana da awon da ake kira kiredi, kuma sai ɗalibi ya tara kimanin kiredi 120 a shekara huɗu kafin ya sami digiri. Wanda ya fito daga makaranta mai rauni yana amfana da wannan shiri. Wanda ya fito daga mai ƙarfi kuwa sai ya tarar ana maimaita masa abin da ya riga ya sani.

Yaƙin Koriya, wanda ya ɓarke a 1950, ya ƙara wa maganar zafi. Ana ɗaukar samari aikin soja, ana kuma fargabar Tarayyar Sobiyet za ta wuce Amurka wajen horar da masana kimiyya da injiniyoyi. Shekarar da ɗalibi mai hazaƙa ya ɓata a maimaici sai aka fara lissafa ta a matsayin asarar ƙasa.

2. Kafuwar tsarin, 1951–1956

A 1951 Gidauniyar Ford ta kafa wani asusu na bunƙasa ilimi. Gwajin farko da asusun ya biya shi ne a cire haziƙan ɗalibai daga lise tun suna da shekara 16, a kai su jami'a. Shugabannin lise ba su ji daɗin wannan ba, don kuwa an raba su da ɗaliban da suke taƙama da su. Daga nan tunani ya juya: a bar ɗalibi a inda yake, a kawo masa karatun jami'a.

Ayyuka biyu ne suka haifi tsarin. Na farko binciken haɗin gwiwa ne na makarantun kuɗi uku, Andover da Exeter da Lawrenceville, tare da jami'o'in Harvard da Yale da Princeton. Kwamitin ya duba takardun tsofaffin ɗaliban waɗannan makarantu fiye da 300 da suka shiga jami'o'in uku, ya gano yawancinsu sun maimaita darussa a shekarar farko, wasu har sha'awar karatu ta fita daga ransu. Rahoton ya fito a 1952, ya ba da shawarar a shirya jarrabawa da za ta ba ɗalibi damar tsallake darasin da ya riga ya ƙware a kai.

Na biyu shi ne shirin da Gordon Keith Chalmers, shugaban kwalejin Kenyon ta jihar Ohayo, ya jagoranta. Ya tara jami'o'i 12, cikinsu har da MIT da Brown da Williams da Oberlin, suka kafa kwamitoci na malaman jami'a da na lise domin rubuta manhajar darussa 11. An gwada darussan a makarantu bakwai, aka yi jarrabawar farko a Mayun 1954 da ɗalibai fiye da 500. Domin a tabbatar da awon, an ba wasu ɗaliban shekarar farko na jami'o'in irin wannan jarrabawa, aka gwada sakamakon ɓangarorin biyu.

A 1955 aka miƙa shirin ga College Board, ƙungiyar makarantu da jami'o'i da aka kafa a 1900, ita kuma ta ɗora tsara jarrabawar a kan hukumar ETS. Darektan farko shi ne Charles Keller, malamin tarihi a Williams. A Mayun 1956 ɗalibai 1,229 daga makarantu 104 suka rubuta jarrabawa 2,199, aka aika sakamako zuwa jami'o'i 130. Shekara guda bayan haka, ran 4 ga Oktoba 1957, Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, kuma dokar ilimi domin tsaron ƙasa ta 1958 ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsuna. Zuwa 1960 ɗaliban AP sun haura 10,000.

Ya kamata a lura da abu biyu. Waɗanda suka kafa tsarin ba su ɓoye cewa domin haziƙai ƴan kaɗan suka yi shi ba, yawancinsu ƴaƴan masu hali a makarantu masu wadata. Sa'an nan manufarsa tana cikin sunansa: a ajiye ɗalibi a aji na gaba bayan ya shiga jami'a. Babu wanda ya tsara shi domin zaɓen wanda zai shiga.

3. Aikin malami da aikin mai gyara

Ta yaya darasin da aka koyar a lise yake zama na jami'a? Amsar da tsarin ya bayar tana da matakai uku, kuma a kowanne malaman ɓangarorin biyu suna zama tare.

Mataki na farko kwamitin darasi ne. Malaman jami'a da na lise suna duba abin da ake koyarwa a shekarar farko a jami'o'i dabam-dabam, su fitar da bayanin darasi, su rubuta tambayoyi. Na biyu horon malamai ne. Tun zamanin Keller ake shirya tarurruka a lokacin babban hutu. Daga baya suka zama kwas na kimanin awa 30, inda tsofaffin hannu ke nuna wa sababbi yadda ake raba shekara, da irin littattafan da suka dace, da gwaje-gwajen ɗakin kimiyya.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne gyaran takardu. Ana yin jarrabawa a watan Mayu, tana ɗaukar kimanin awa uku, kashi ɗaya tambayoyi masu zaɓin amsa da inji ke gyarawa, kashi ɗaya rubutu. A watan Yuni masu gyara suna haɗuwa na kimanin mako guda a ƙarƙashin babban mai gyara, wanda malamin jami'a ne. Kafin a taɓa takardar ɗalibi, kowa yana gwada hannunsa a kan samfura har awonsa ya daidaita da na sauran, kuma shugaban kowane tebur yana sake duba wasu takardun da aka riga aka gyara. Maki na ƙarshe daga 1 ne zuwa 5, kuma 3 shi ne ake ɗauka a matsayin cin jarrabawa. Malamin lise da ya zauna mako guda kusa da farfesa suna jayayya a kan makin takarda guda yakan koma ajinsa ya san abin da jami'a ke nema da idonsa.

Jarrabawar kanta ta sauya koyarwa. A 1973 aka shigar da sabuwar tambaya a tarihin Amurka: ana ba ɗalibi takardun asali, kamar wasiƙu da jawabai da taswirori da jadawalin alƙaluma, a ce ya gina hujja a kansu. Malamin da ɗalibansa za su fuskanci wannan tambaya dole ya rage hadda, ya koya musu tambayar wa ya rubuta takarda, yaushe, kuma don me.

Nauyin da ke kan malamin ba ƙarami ba ne. Makarantu da yawa suna buɗewa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, jarrabawa kuwa tana zuwa a farkon Mayu ga kowa, don haka gudu ake yi da lokaci. Malamin jami'a shi ke koyarwa, shi ke tambaya, shi ke gyara. Malamin AP yana koyar da manhajar da wasu suka rubuta, wasu kuma su auna ɗalibansa, sakamakon ya dawo ya auna shi.

4. Darasin Garfield

A 1980 ɗaliban AP kimanin 120,000 ne, yawancinsu daga unguwannin masu hali. Abin da ya girgiza wannan hoto ya faru a lise ta Garfield da ke gabashin Los Angeles, unguwar talakawa ƴan asalin Meksiko. Jaime Escalante, malamin lissafi haifaffen La Paz ta Bolibiya, ya fara aiki a can a 1974. A 1978 ya buɗe ajin kalkulas, wato lissafin deribe da antegiral, da ɗalibai biyar, biyu suka ci. A 1982 ɗalibansa 18 suka ci. ETS ta yi shakkar takardu 14 saboda kurakurai iri ɗaya a tambaya guda. 12 suka yarda suka sake rubutawa, suka kuma ci. A 1987 waɗanda suka ci matakin farko na kalkulas a Garfield sun kai 73.

Fim ɗin Stand and Deliver na 1988 ya yaɗa labarin, amma ya matse shi, har mai kallo ya zaci yara sun tashi daga rashin iya rabawa zuwa kalkulas a shekara ɗaya ko biyu. A zahiri Escalante ya shafe shekaru yana gina matakala. Ya sa aka ƙarfafa aljabara a ƙananan azuzuwa, ya shirya karatun hutu a kwalejin East Los Angeles, ya riƙe ɗalibai bayan tashi da ranar Asabar, ya kuma sami goyon bayan darektan makarantar, Henry Gradillas. Bayan tafiyar Gradillas, da tasa a 1991, yawan masu cin jarrabawar ya faɗi ƙwarai.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Na farko, ɗan talaka yana iya karatun jami'a a lise in an ba shi dama. Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya: ajin AP rufin ɗaki ne, sai an yi ginin shekaru a ƙarƙashinsa. Masu tsara siyasar ilimi sun rungumi na farko da hannu biyu, na biyun kuwa, mai tsada, ba kowa ya ɗauke shi ba.

5. Daga tsallake darasi zuwa neman gurbi

Alƙaluman bunƙasar sun isa shaida: ɗalibai kimanin 330,000 a 1990, kimanin 770,000 a 2000, sa'an nan kimanin miliyan 2.8 a 2019, da jarrabawa fiye da miliyan 5. Dalilai uku ne suka tura wannan hauhawa.

Na farko, jami'o'i masu tsananin zaɓe sun fara duba yawan darussan AP a takardar mai neman gurbi. Tun 1982 Jami'ar Kalifoniya take ƙara maki ga irin waɗannan darussa wajen lissafin matsakaicin ɗalibi. Ke nan wanda makarantarsa ba ta da AP an bar shi baya tun kafin a fara tsere. A 1999 ƙungiyar kare haƙƙi ta ACLU ta kai jihar Kalifoniya ƙara a madadin ɗaliban lise ta Inglewood, wadda ke da darussan AP uku kacal, alhali ta Beverly Hills tana da 14. Jihar ta amsa da ware kuɗi domin buɗe sababbin azuzuwa.

Na biyu, a 1998 ɗan jarida Jay Mathews ya fito da wani ma'auni na jera makarantu, wanda mujallar Newsweek ta yaɗa: a raba yawan jarrabawar da aka rubuta da yawan ɗaliban da suka gama. Ma'aunin bai duba ko an ci ba. Na uku, gwamnatin tarayya da jihohi sun shiga biya wa marasa hali kuɗin jarrabawa, kuma a 2006 shugaba George W. Bush ya nemi a horar da malamai 70,000 domin darussan AP na lissafi da kimiyya.

Alherin buɗe ƙofa a fili yake, amma ya zo da matsala. Sunan AP a takarda ya zama abin nema a kan kansa, ko an yi karatun ko ba a yi ba. A 2004 Saul Geiser da Veronica Santelices na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka nuna cewa yawan darussan AP da ɗalibi ya ɗauka bai faɗi wani abin kirki game da ƙoƙarinsa a jami'a ba, makin da ya ci a jarrabawar ne ke faɗa. A 2002 kuma Majalisar Bincike ta Ƙasa ta soki darussan kimiyya da cewa sun cika faɗi, sun rasa zurfi. College Board ta amsa da matakai biyu. Daga 2007 ba a yarda makaranta ta laƙaba wa darasi sunan AP ba sai malamin ya aika tsarin darasinsa malaman jami'a sun tantance. Daga 2012 kuma aka shiga sake fasalin darussan kimiyya, aka fara da ilimin halittu.

6. Wa ke da ta cewa?

Kowace jami'a ita ke yanke ko za ta ba da kiredi, kuma a nan ra'ayi ya rabu. A 2002 Harvard ta ce maki 5 kaɗai za ta karɓa. A 2013 Dartmouth ta sanar cewa za ta daina ba da kiredin digiri a kan AP. A ɗaya gefen, jihohin Texas da Illinois sun yi doka a 2015 da ta wajabta wa jami'o'in gwamnati ba da kiredi a kan maki 3, don kuwa kowane darasi da aka tsallake rangwame ne ga iyali: jarrabawa guda dala 99 ce a 2025, darasin jami'a kuwa yakan kai ɗaruruwa ko dubbai. A 2018 manyan makarantun kuɗi takwas na yankin Washinton suka sanar za su bar AP, su rubuta nasu darussa. Irin makarantun da suka kafa tsarin su ne suka fara juya masa baya da ya zama na kowa.

Da yake babu manhajar ƙasa, bayanin darasin AP ya zama kamar ita, ƴan siyasa kuma suka sa masa ido. Sabon fasalin tarihin Amurka na 2014 ya sha suka daga jam'iyyar Republican, wadda ta ce ya fifita aibin ƙasar a kan alherinta, aka yi masa gyara a 2015. A Janairun 2023 jihar Fulorida ta hana gwajin sabon darasi a kan nazarin baƙaƙen fatar Amurka.

Awon ma bai tsira ba. A 2020, saboda annobar korona, an mai da jarrabawar ta minti 45, a gida, ta intanet. Daga 2022 College Board ta fara amfani da sabuwar hanyar tsayar da iyakar maki, kuma a tarihin Amurka masu samun 3 ko fiye suka tashi daga kimanin kashi 48 cikin 100 a 2023 zuwa kashi 72 a 2024. Ƙungiyar ta ce ta daidaita awonta ne da makin da jami'o'i ke bayarwa a yanzu. Masu suka suka ce an sassauta. Ko wanne ya fi gaskiya, abin ya nuna cewa awon yana bin jami'a ne, jami'ar kuma ba a tsaye take ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa "matsayin jami'a" yarjejeniya ce, ba sifa ce da ke cikin darasi ba. Deribe da antegiral da ɗalibin Amurka ke samun kiredin jami'a a kansu, ɗalibin seri C ko D yana karanta su a lise a matsayin aikin yau da kullum. Abin da ya sa jami'o'i 12 suka amince da makin 1954 shi ne malamansu ne suka rubuta manhaja, suka gwada ta a kan ɗalibansu, suka gyara takardu tare da malaman lise da suka sani. Wannan amana tana da sauƙin riƙewa a kan ɗalibai 1,229. A kan miliyoyi kuwa sai an maye gurbinta da tantancewa da dokokin jihohi da ƙididdiga, kuma kowannensu ya jawo tasa gardama.

Ga malaman jami'a da ke kukan raunin sababbin ɗalibai, tambayar da wannan tarihi ya bari ita ce: sau nawa a shekara suke zama da malaman ajin ƙarshe na lise a kan manhaja guda da takarda guda? A Amurka, duk sauye-sauyen shekara 70, wannan zama na watan Yuni shi ne ɓangaren tsarin da masu yabo da masu suka suka fi yarda da amfaninsa.